Amsa: 'ya'yansa sun ce kada a faɗa masa yana da ciwon daji

Salamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce an ɗebi tsoka daga hanjin wani dattijo an kai gwaji, sakamako ya nuna ciwon daji ne har ya bazu zuwa hanta, sai babban ɗansa ya tare ku ya ce a gaya wa mahaifinsu gyambon ciki ne kawai, don kada labarin ya karya masa zuciya. Ke kuma nas ce a ɗakin, ke za ki riƙa shiga wurinsa safe da dare.

Da farko kada ki ɗauki ɗan nan a matsayin mai hana ruwa gudu. Ƙauna da tsoro ne suka sa shi magana haka, kuma su ma likitoci sun daɗe a kan wannan ra'ayi. A 1961 binciken Donald Oken a Amurka ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na likitocin da aka tambaya ba sa gaya wa mai ciwon daji abin da ke damunsa. Da aka sake irin wannan tambaya, a wani bincike da aka wallafa a 1979, kashi 97 sun ce suna faɗa. Amma duk da haka, jikin dattijon ne, labarin ma nasa ne. Ba a ce lallai sai an zuba masa komai ba, domin ƙin sani ma haƙƙinsa ne, har Yarjejeniyar Oviedo ta 1997, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla kan haƙƙin ɗan Adam a harkar lafiya, ta ambace shi. Sai dai shi zai zaɓa, ba 'ya'yansa ba, ba ku ba.

Saboda haka aikin farko shi ne a tabbatar yana cikin hayyacinsa da zai iya yanke shawara. Abu huɗu ake dubawa, kamar yadda dokar Ingila ta 2005 ta tsara: yana fahimtar bayani, yana riƙe shi na ɗan lokaci, yana iya auna alheri da illarsa, yana iya bayyana zaɓinsa ko da da ishara ne. Tsufa, kurumta ko rashin karatu ba sa cire wa mutum wannan. Idan kin ga yana ruɗewa, a nemi dalili kafin a yanke cewa hankalinsa ya gushe: yawan kalsiyam a jini, wanda ake yawan gani ga masu ciwon daji, raguwar sodiyam ko sukari, cutar fitsari, ƙarancin iskar oksijin, ko mofin (maganin rage zafi mai ƙarfi) da aka ba shi ɗazu. Yawancin waɗannan ana gyara su. Wanda ya ruɗe da dare sau da yawa da hantsi yana garau, to da hantsin za a zauna da shi.

Likitan da ke kula da shi ne zai yi zaman, ke kina gefe. A ja labule, a zauna a kujera daidai da fuskarsa, a kashe ƙarar waya. Kada a fara da sakamako. A ce, "Baba, me kuka fahimta game da ciwon nan?" sannan a yi shiru a saurara. Sau tari za ki ji ya ce, "Ai na ga yadda nake ramewa, na san ba ƙaramin abu ba ne." Daga nan sai tambaya ta biyu: "Sakamako ya fito. Kuna so mu yi muku bayani dalla-dalla, ko kun fi so mu yi magana da wani daga cikin 'ya'yanku?" In ya ce a yi da babban ɗansa, shi ke nan, ya wakilta shi da bakinsa, sai a gaya masa duk ranar da ya so ji, ƙofa a buɗe take. In ya ce yana son ji, a ba shi kaɗan-kaɗan, jumla biyu ko uku a tsaya, kuma a kira ciwon da sunansa. Kalmomi irin su "ƙari" ko "ɗan kumburi" suna barin mutum cikin duhu.

In akwai bambancin harshe, kada ɗan da ke son a ɓoye ya zama tafinta. Zai tausasa magana ko ya sauya ta gaba ɗaya, ku kuna tsammanin an fahimce ku.

Kafin wannan zama, a kira 'ya'yan gefe a tambaye su ainihin abin da suke tsoro. A yi musu alkawari biyu: ba za a tilasta masa jin abin da bai so ba, kuma ba za a yi masa ƙarya in ya tambaya ba. Sannan a nuna musu inda ɓoyon yake kaiwa. Ba a fara wa mai hankali maganin kemo (mai kashe ƙwayoyin ciwon daji) ko tiyata da sa hannun ɗansa, kuma sa hannun da ya yi a kan "gyambon ciki" ba amincewa ba ce. Sirrin ma ba ya daɗewa: zai karanta allon da ke ƙofar sashen, ko ya ji daga maƙwabcin gadonsa, ko gashinsa ya fara zuba. Ranar da ya gane, zai daina yarda da kowa a ɗakin, har maganin rage zafi sai ya yi zarginsa. Abin da ya fi ciwo shi ne lokacin da zai yi wasiyya, ya biya bashi, ya nemi gafarar wanda suka ɓata, an cinye masa shi ana wasan ɓuya.

Ke kuma, idan ya riƙe hannunki da ƙarfe biyun dare ya ce, "'Yata, ciwon daji ne ko?" kada ki ce a'a, kuma kada ki yi sauri ki fice. Zauna ki ce, "Baba, me ya sa kuka yi tunanin haka?" Bayan ya gama, ki ce masa tambayar tana da muhimmanci, za ki sa likita ya zo da safe ya amsa masa ita tsakani da Allah. Ki rubuta a fayil lokacin da ya yi tambayar da kalmomin da ya faɗa, ki sanar da shugabar ɗaki, ki kuma maimaita wa wadda za ta karɓe ki aiki. In likita ya ƙi zuwa saboda matsin iyali, a kai maganar ga babban likitan sashen ko kwamitin ɗa'a na asibitin.