Me ya sa harsashin Lee-Enfield ke sauka sama da tsakiyar allo?

Ka tambayi dalilin da harbinka ke wuce tsakiyar allo ta sama a nisan yadi 100 da bindigar Lee-Enfield No. 4, wadda sojojin Birtaniya suka riƙe a yaƙin duniya na biyu. Laifin ba na hannunka ba ne, domin babban ramin saitinta na baya an daidaita shi ne a yadi 300, saboda haka sai ka ɗaga ɗaya saitin na baya, mai ƙaramin rami da awon nisa, ya miƙe tsaye, sannan ka sauke ƙaramin ramin zuwa awo mafi ƙasa. Kunamarta kuma mataki biyu gare ta: ka ja a hankali har ka ji ta cije, ka saki rabin numfashi, sannan ka ƙarasa matsawa ba tare da fizga ba, kumatunka na manne da katakon bindigar.