Ga ɗan'uwan da ya tambayi yadda zai rabu da gulma

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce duk watan azumi bakinka yana kamewa daga yi da mutane, amma da zarar an sha Sallah sai ka koma gidan jiya, kana neman yadda kamewar za ta zame maka jiki. Allah ya saka maka da alheri da ka fito fili ka tambaya.

Ni tela ne, kowa kuma ya san shagon tela majalisa ce. Mai jiran kayansa ya zauna, mai wucewa ya leƙo, kafin a ankara an baje wani a faifai. Abin da shekaru suka nuna mini a wannan zama shi ne, alkawarin "daga yau na daina" ba ya kai labari. Ranar da aka kawo zance mai zafi, ranar yake rushewa.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 bayan Hijira, ya bayyana a cikin littafinsa Ihya'u cewa hali abu ne da ya zauna daram a zuciya, har aiki yake fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba. Hanyar samunsa kuwa ita ce mutum ya tilasta wa kansa aikin tun ransa yana ƙi, ya yi ta maimaitawa har ya saba. To ka ga abin da azumi yake yi maka ke nan: yana ba ka lokaci tsayayye da kuma tsoron asarar lada. Da Shawwal ya kama, duka biyun sai su tafi. Su za ka nemo wa madadi.

Labarin da ya fi yi mini amfani shi ne na Abdullahi ɗan Wahbi, babban almajirin Imamu Malik a Masar, wanda ya rasu a 197 bayan Hijira. Ya yi bakance cewa duk lokacin da ya yi giba, wato gulma, zai yi azumin yini ɗaya. Azumin ya galabaitar da shi, gibar kuma ba ta tsaya ba. Sai ya sauya, ya ce duk giba ɗaya sadakar dirhami ɗaya. Son dirhami ya sa ya bari. Dubi yadda malami kamarsa ya san inda ransa yake jin zafi, ya kama shi ta nan.

Haka na yi. Ina da gwangwani a ƙarƙashin keken ɗinki. Bayan sallar Isha'i nakan yi wa kaina tambaya guda: wa na ambata yau alhali ba ya wurin, kuma da ya ji zai so? In amsar ba ta yi daɗi ba, sai in saka kuɗi, ranar Juma'a in bayar. Ka yanka wa kanka abin da za ka ji a jikinka, don naira hamsin ba za ta hana ka komai ba.

Wurin zaman shi ya fi wuya. Kada ka fara da yi wa abokanka wa'azi, za su gudu ne kawai. In an ɗauko mutum, ka ambaci wani alherinsa da ka sani, ko ka tashi ka ɗauki wani aiki. Ka kuma kiyayi irin "Allah dai ya shirye shi" da ake faɗa ana kaɗa kai, domin Gazali ya lissafa irin wannan cikin giba, mai sanye da rigar addu'a. Tura saƙon WhatsApp a kan wani ma yana shiga gwangwani.

Kada ka haɗa da gyaran fushi ko wani hali a yanzu. Ka riƙe wannan shi kaɗai har azumi mai zuwa, Allah ya kai mu.