Baba Fasto, wai an goge sunana daga Littafin Rai?

Tambaya: Baba Fasto ina gaisuwa. Ni matar aure ce, na karɓi Yesu tun ina budurwa, na yi baftisma, ina cikin Zumuntar Mata. Bara ɗana ya kwanta ciwo, asibiti sun yi iya nasu abu ya ƙi, uwar mijina ta matsa min har muka je wajen boka na ɗaura wa yaron laya. Na tuba, na ƙona layar, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Wani annabi da na je wajensa addu'a ya ce ya gani a ruhu an goge sunana daga Littafin Rai, wai sai na kawo dubu 30 a yi min azumin kwana 7 kafin a mayar. Ba na barci. Da gaske ceto yana ɓacewa?

Amsa: 'Yata, sannu da wannan nauyi. Kafin komai, kar ki kai kuɗin nan, ko sisi.

Zuwa wajen boka zunubi ne, ba zan shafa miki mai a baki ba, ke ma kin sani shi ya sa kika ƙona layar. Amma 1 Yohanna 1:9 an rubuta ta ne wa masu bi, ba wa waɗanda ba su san Almasihu ba, kuma abin da ta ce shi ne in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne zai gafarta. Kin furta. To saura me?

Kan ko ceto yana ɓacewa, masana sun daɗe suna ja. Mabiyan wani malamin tauhidi mai suna Arminiyus sun kawo ƙorafinsu kan koyarwar ceto a ƙasar Holan a 1610, aka yi babban taro a garin Dort daga 1618 zuwa 1619, taron ya tsaya kan cewa wanda Allah ya ceta da gaske zai riƙe shi har ƙarshe. Daga baya John Wesley, wanda ikilisiyar Metodis ta fito daga aikinsa, ya koyar cewa mai bi zai iya juya baya ya rasa. Ni dai ina tare da matsayin taron Dort, saboda Yohanna 10:28-29 inda Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa, da Filibiyawa 1:6. Amma ki lura da wannan da kyau, ko 'yan'uwanmu da ke cewa ana iya rasawa, maganarsu kan mutumin da ya watsar da Almasihu ne ya dage a kan haka bai da niyyar dawowa. Ba ɗaya cikin ɓangarorin nan biyu da zai ce macen da ta faɗi ta tashi tana kuka tana neman Ubangiji an kore ta.

Abin da ke ƙona min rai kenan, don kusan kullum sai an zo min da irin wannan magana. An mayar da ceto kamar katin waya, kowane zunubi yana cinye kuɗin, in ya ƙare sai ka nemi wani "mutumin Allah" ya sa maka sabo. Yau ka yi fushi sunanka ya fita, gobe ka fito gaba a taron farkawa ya koma, jibi ka yi mummunan mafarki ya sake fita, akwai waɗanda kowace shekara sai sun sake "karɓar Yesu", wasu har an sake musu baftisma a rafi, kuma duk da haka tsoro bai bar su ba. Haba! Wa ya ba ɗan adam wannan littafi ya duba? Ru'ya ta Yohanna 21:27 ta ce littafin na Ɗan Ragon ne, ba na wani mai majami'a a lungu ba. Kuma ayar da suke tsorata mutane da ita, 3:5, alkawari ne cewa ba zai goge sunan mai nasara ba, su kuma suka juya ta ta zama bulala. Sai su ɗauko Ibraniyawa 6:4-6, mai maganar waɗanda suka juya baya, su karanta rabi su rufe, alhali wasiƙar tana gargaɗin Yahudawa masu bi ne da tsanani ya sa suna tunanin barin Almasihu su koma tsohuwar hanya, kuma a aya ta 9 marubucin da kansa ya ce yana da tabbacin abu mafi kyau game da su. Wannan ba sa karantawa, don wanda hankalinsa ya kwanta ba ya kawo dubu 30. Siman mai sihiri ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ki karanta Ayyukan Manzanni 8:20 ki ji amsar da Bitrus ya ba shi, ba ta da daɗi. Wanda ke sayarwa fa, me za a ce masa? Kuma gaskiya ɗaci gare ta, mutumin da ya ce ki kawo kuɗi ya gyara miki al'amari a ruhu, aikin boka yake yi ko da Littafi Mai Tsarki a hammata.

Bangaskiya mai ceto ba yarda kawai ba ce cewa akwai Allah, Yakubu 2:19 ya ce aljanu ma sun yarda har suna rawar jiki. Ba kuma ɗaga hannu a taro ba ne a rubuta sunanka a kati ka koma rayuwarka ta da. Dogara ce ga Yesu da abin da ya gama a kan gicciye, kuma in tana da rai za a ga 'ya'ya, cikinsu har da ƙin zunubi. Wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne mai zuwa wajen boka ranar Asabar ya zo ya ci Jibin Ubangiji ranar Lahadi ko a jikinsa. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku har da rantsuwa, amma tun kafin ya faɗi Yesu ya gaya masa ya yi addu'a dominsa kada bangaskiyarsa ta ƙare, Luka 22:32. Addu'ar nan ce ta riƙe shi, ba ƙarfin kansa ba.

Ki daina zuwa wajen mutumin nan. Ki sami faston ikilisiyarku ko uwar zumunta ki gaya musu komai, in dattawa suka ga ya dace a sa ki ƙarƙashin horo na ɗan lokaci ki karɓa, horo na 'ya'yan gida ne. Ki karanta Zabura 51 da Romawa 8 a hankali. Ki kuma zauna da maigidanki ku tsai da magana ɗaya kan abin da za ku ce wa mama in ciwo ya sake zuwa, don za ta sake kawo zancen. Ba ki faɗa min yadda jikin yaron yake yanzu ba, ki rubuto ki sanar da ni.