Hukuncin Ajiye Kare Don Gadi A Maimakon Maigadi

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a nan Jos. Ina da gonar kaji a bayan gari ta wajen Naraguta, a cikinta akwai sito inda nake tara masara da waken suya na haɗa abincin kajin. Gidana kuwa yana cikin Unguwar Rogo. Sau biyu ke nan ɓarayi suna haura katangar gonar da dare, na bayan nan har buhu 12 na masara suka ɗauke, maigadina yana cikin ɗakinsa bai ji komai ba. Wani abokina ya ba ni shawara in sallame shi in sayi manyan karnukan Turawa guda biyu, wai kare ba ya barci, ba a haɗa baki da shi, kuma ba ya neman ƙarin albashi. Har ya ce in ajiye ɗaya a gida. Ni kuwa tun muna yara muke jin cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare. Shin hakan ya halatta? Kuma zan iya cire kuɗin masarar daga albashin maigadin kafin in sallame shi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Alhaji, Allah ya mayar maka da mafi alherin abin da ka rasa. Gonarka hukuncinta daban, gidanka daban, shi kuma maigadin yana da nasa haƙƙin da bai kamata maganar kare ta binne shi ba.

Asali dai Musulmi ba ya ajiye kare haka kawai. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya riƙe kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, za a riƙa tauye masa ƙiraɗi ɗaya, wato wani kaso, daga ladansa kowace rana. A ruwayar Abdullahi ɗan Umar ƙiraɗi biyu aka ce. Abu uku ke nan aka keɓe da baki, kuma gadin gida ko sito ba ya cikinsu. A nan malamai suka rabu.

Ibnu Ƙudama, a cikin Al-Mugni, ya tsaya a kan ukun, ya ce ba a ajiye kare don tsaron gida domin hadisin bai ambace shi ba. Imam Nawawi kuwa, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya kawo fuska biyu, sannan ya ce mafi inganci shi ne halacci, ta hanyar ƙiyasi a kan ukun, domin abin da ya sa aka halatta su ita ce buƙata. Ibnu Abdil Barri, babban malamin hadisi na Malikiyya da ya rasu a shekara ta 463 bayan hijira, ya faɗi irin wannan a At-Tamhid: ana iya riƙe kare don jawo amfani ko kore cuta matuƙar mutum yana buƙatar hakan.

Mu da muka tashi da karatun Risala a zaure mun haddace cewa ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye sai don gona, ko dabbobin da zai raka daji ya dawo tare da su, ko farautar neman abinci ba ta wasa ba. To, mai Risalar kansa, Ibnu Abi Zaid Al-Ƙairawani, masu sharhi sun kawo cewa katangar gidansa ta taɓa faɗuwa a lokacin da Ƙairawan ba ta da aminci, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi wannan, sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki mai cizo zai ajiye. Malamin nan bai warware littafinsa ba. Abin da ya rubuta hukuncin zaman lafiya ne, abin da ya aikata kuma hukuncin halin tsoro ne, kuma ya fi mu sanin manufar Imaminsa.

Wannan ita ce maganar da zuciyata ta natsu da ita. Shari'ar da ta yarda kare ya tsare tumaki daga kura, ya tsare gero daga ɓarawo, ba za ta hana shi tsaron sito cike da hatsi a bayan gari ba. Kaji ba sa shiga kai tsaye cikin dabbobin kiwon da hadisin ya ambata, domin raƙuma da shanu da tumaki da awaki ake nufi, amma dalilin ɗaya ne. Gonarka tana nesa da mutane, an shige ta sau biyu, buƙata ta tabbata. Ajiye kare a can ya halatta, kuma ina fatan ladanka ba zai ragu ba. Sai dai a tsaya gwargwadon buƙata: in ɗaya ya isa, na biyun ba shi da hujja.

Gidanka na Unguwar Rogo kuwa, ban ga maka hanya ba. Gida ne da ke jingine da gidajen mutane, in ka yi ihu sau ɗaya maƙwabta sun fito, ga 'yan sintiri suna zagaya lungu da usur. Ba ka ce an taɓa shigar maka ba. Buƙatar da ta buɗe ƙofa a gona babu ita a nan, don haka hukunci ya koma asalinsa. Ƙari a kan haka, ƙofar gidan Bahaushe ba ta rabuwa da almajiri mai neman sadaka, da ɗan garuwa, da yaran maƙwabta masu shiga su fita ba sallama. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito, kuma ya rantse har sau uku cewa wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga cutarwarsa ba bai yi imani ba. Maƙwabci a nan ya haɗa da wanda ba Musulmi ba, kuma mu mutanen Jos mun san tsadar zaman lafiya da maƙwabci. Wasu tsagwaron taƙama ce take sa su ajiye irin waɗannan karnuka, don a ce gidan wane ba ya shiguwa, ladansu yana zurarewa kullum ba su sani ba.

Abin da ka ji tun kana yaro gaskiya ne. Hadisin Abu Ɗalha ne a Bukhari da Muslim: mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare ko sura, wato hoto ko gunki. Muslim ya kuma ruwaito cewa Jibrilu ya taɓa jinkirta zuwa wurin Annabi saboda ɗan kwikwiyon da ya shiga ɗaki ba a sani ba. Khaɗɗabi yana ganin hadisin bai shafi karen da aka yi izinin riƙewa ba, Nawawi kuwa ya ce ya game kowane kare. Mafita mai sauƙi ce: a gina wa karen kejinsa a tsakar gonar, nesa da ɗakin kwana da wurin salla.

Game da tsarki, a mazhabar Malik kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki umarni ne da ake bi don bauta. Hujjarsu ita ce aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo da bakinsa. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ce najasa ne, a wanke sau bakwai, ɗaya daga ciki a haɗa da ƙasa, bisa ruwayar Muslim. Ma'aikacin da kare ya goga wa jiki a riga ya yi sallarsa ba damuwa. Inda yawu ya taɓa kuwa, a wanke don fita daga saɓani, kuma kwanon kare kada ya haɗu da na mutane.

Sayen kare yana da ɗan nauyi. Hadisin Abu Mas'ud Al-Ansari ya hana kuɗin kare, kuma a kansa mashhurin mazhabar Malik yake. Hanafiyya sun halatta sayar da mai amfani, Sahnun ma daga cikin Malikiyya ya halatta cinikin wanda aka yi izinin riƙewa. In ka samu kyauta ya fi. In ba ka samu ba sai da kuɗi, ka saya saboda larura, amma kada ka mayar da 'ya'yan da za su haifa sana'a.

Ka sani kuma duk abin da karen ya aikata kai za a tambaya. Shehu Khalil ya ambaci kare mai cizo a babin jini a Mukhtasar, cikin abubuwan da ke jawo wa mai su diyya, har ma ƙisasi in da nufin cutar da wani aka ajiye shi kuma wanin ya mutu. Saboda haka da rana a ɗaure shi, da dare a sake shi cikin katanga kaɗai, a rubuta gargaɗi a ƙofa. A yi masa allurar rigakafin haukan kare a kan lokaci. Mu ba mu da uzuri a wannan, domin cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana nan Vom kusa da mu tun 1924, kuma tana yin wannan allurar. Ciwon haukan kare da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kuɗin magani kuma a kanka yake. Cinsa da shansa da inuwarsa wajibi ne a wuyanka. Masu barin kare da yunwa wai don ya ƙara zafi su tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba.

Yanzu maigadi, kuma a nan ne nake so ka saurare ni da kyau, Alhaji.

Abokinka ya faɗi rabin magana. Kare yana da ji da sansana da ɗan Adam ba shi da su, wannan gaskiya ne. Amma ɓarayin yanzu sun san jefa nama mai guba ta saman katanga. Kare ba ya kiran waya, ba ya kashe gobara in ta tashi a ɗakin 'yan tsaki, ba ya bambance ɓarawo da yaron da ya biyo ƙwallonsa, ba ya ba da shaida a gaban alƙali. Iyakarsa ya yi haushi, kuma haushin da babu mai jin sa bai tsare komai ba. Ko a labarin Ashabul Kahfi, karen a bakin ƙofa yake shimfiɗe da hannuwansa, mutanen na ciki. Gadin mutum kuwa yana da asali a Sunna: A'isha ta ce wani dare Annabi ya kasa barci, ya yi fatan wani salihin mutum daga sahabbansa ya yi gadinsa, sai ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da makaminsa. Alƙur'ani ya ba mu ma'aunin ɗaukar ma'aikaci a Suratul Ƙasas, aya ta 26: mai ƙarfi, amintacce.

Cire kuɗin masara daga albashinsa bai halatta ba. Maigadi amintacce ne a shari'a, kuma Khalil ya ambace shi da sunan aikinsa cikin waɗanda ba sa biyan abin da ya salwanta, sai in an tabbatar da sakaci ko ha'inci. Idan kana zargin da hannunsa, hujja a kanka take, shi kuma rantsuwa. Idan kana ganin ya yi barci a lokacin da kuka yi yarjejeniya zai kasance a farke, wannan yana iya zama sakaci, amma ba kai ne za ka zama mai ƙara kuma alƙali ba. Ku je gaban mai unguwa ko wani malami da kuka yarda da shi, ko kotu, a ji ta bakin kowa.

Kafin nan ma, ka amsa wa kanka waɗannan. Shi kaɗai ne yake kwana a gonar? Da rana yana hutawa, ko shi ne mai buɗe ƙofa, mai ɗiban ruwa, mai kwashe kashin kaji, sannan a ce ya kwana ido biyu? Ka saya masa tocila mai kyau da usur da katin waya? A sanyin Jos na watan Disamba da Janairu, wanda ke hana mai bargo biyu barci, yana da rigar sanyi, ko dole ce take sa shi rufe ƙofa ya dunƙule? Nawa kake biyansa, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne? Ko da dokar ba ta hau kan mai ma'aikata kaɗan irinka ba, ma'auni ne da za ka duba ka ji kunyar Allah. Abin yana ci mini rai in ga mutum yana ciyar da karensa da abin da ya ninka albashin maigadinsa. Annabi ya hana a ɗora wa na ƙasa da mu abin da ya fi ƙarfinsu, ya ce in an ɗora musu to a taimake su. A hadisi ƙudusi na Bukhari kuma, Allah ya ce shi da kansa zai yi husuma ranar ƙiyama da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa. Sannan mutum ɗaya da sanda a gaban ɓarayi masu makami, ba a neman ya ba da ransa saboda buhun masara. Abin da ke kansa shi ne ya farka, ya yi kururuwa, ya kira agaji.

Fatawata ita ce: ka ajiye kare a gona da sharuɗɗan da na ambata, ya zama mataimakin maigadi, kada ka kai shi gida. Ka bar maigadin a kan aikinsa in ba a tabbatar da ha'inci ba, ka sauke masa aikin rana ko ka ƙara masa na biyu su riƙa karɓa-karɓa, shi ne kuma zai riƙa ciyar da karen don su saba. In ka fi son ɗauka daga kamfanin tsaro, ka nemi mai lasisin hukumar Sibil Difens, ka kuma bincika nawa ne yake isa hannun ma'aikacin daga abin da kake biya. In kuwa ka ga tsufa ya hana shi aikin dare har sai ka sallame shi, ka bari watan ya cika, ka biya shi haƙƙinsa ba ragin ko kwabo, ka ƙara masa abin da zai riƙe iyalinsa kafin ya samu wani wuri.

Wallahu a'alam.