Amsoshin tambayoyi: Ƙaramin gida a cikin itatuwa

Tambaya: Ina da fuloti a gefen garin Tudun Wada ta hanyar Doguwa, ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, kuma akwai ɗorawa biyu da mangwaro da darbejiya a ciki. Ina son in gina ƙaramin gida na zamani wanda zai ishe ni da iyalina da 'ya'ya huɗu, amma magini ya ce sai an sare itatuwan duka. In bi shawararsa?

Amsa: Malam, ban goyi bayan a sare su duka ba. Magini yana son fili fetal domin aikinsa ya zo da sauƙi, amma kai ne za ka kwana a gidan a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Kano, kuma inuwar da ɗorawa ta yi shekaru kafin ta samar ba za a sayo ta a kasuwa ba, balle a yi maganar kalwar da uwargida za ta riƙa samu. Abin da ya fi dacewa shi ne a auna inda kowace bishiya take, sannan a zana gidan a kewaye da su. Duk wadda ta faɗo ta yamma a bar ta, domin ranar la'asar ce ke gasa bango har ɗaki ya kwana da zafi. Wadda ta matso kusa da harsashin gini kuwa, musamman darbejiya mai saiwa mai yawo, ita ce za a cire, haka nan duk reshen da ya rataya a kan rufi, tunda guguwar farkon damina daga gabas take tasowa, ba ta kuma yi wa kwano da sauƙi.

Ɗakuna uku da falo da madafa da banɗaki biyu sun wadatar idan aka jera su a gefe biyu, aka bar tsakar gida a ƙarƙashin mangwaron, aka kuma yi ɗan zaure a gaba domin baƙi maza. Manyan tagogi su kalli kudu da arewa, a sa musu raga, domin kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, sauro kuma yana son duhuwa. A ɗaga daɓen gida sama da ƙasa sosai, a zuba maganin gara a ramin harsashi kafin a zuba kankare. Idan da niyyar sa sola, a keɓe mata ɓangaren rufin da inuwa ba ta kaiwa.

Tambaya: Muna gini a wata gona mai itatuwa a Gwaram, mun kai linta. Katako za mu saya na rufi ko ƙarfe?

Amsa: Hajiya, a wurin da gara ta yi gida, ƙarfe ya fi kwanciyar hankali duk da tsadarsa. Idan aljihu bai kai ba, a sayi busasshen katako mai ƙarfi, a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora, kuma kada kafinta ya karɓi ɗanye don arha, domin yana lanƙwasawa idan ya bushe a kan gini, ƙusoshin kwano su saki, yoyo ya fara tun a daminar farko.