Mama ta fara mantuwa tana cewa ana mata sata, gigin tsufa ne ko sammu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min, hankalina a tashe yake. Mahaifiyarmu ce, shekarunta 68, muna Tudun Wada nan Kaduna. Kusan shekara guda kenan za ta tambaye ka abu ka ba ta amsa, ba a yi minti goma ba ta sake tambaya. Rannan ta je Kasuwar Barci da take zuwa shekara da shekaru ta kasa gane hanyar gida, sai wani mai keke ne ya dawo da ita. Yanzu kuma kullum sai ta ce matar yayana ta ɗauke mata kuɗi, daga baya a gan su a ƙarƙashin katifa, kuma da magariba abin ya fi tashi. Wasu sun ce gigin tsufa ne, ƙanwarta ta ce sammu ne har an fara mata hayaƙi. Ya za mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya ya saka miki da alheri. Ba zan yanke hukunci ban gan ta ba, amma abin da kika lissafa ya yi kama sosai da farkon ciwon mantuwa, wanda muke kira dimenshiya. Tsufa kaɗai ba ya sa mutum ya ɓata a hanyar da ya yi shekara 30 yana bi. Tsohuwa mai lafiya za ta iya manta sunan jikanta, an jima ya faɗo mata, ita kuwa mai wannan ciwon sai ta manta ma an yi haihuwar, alhali da ita aka sha suna. Ki lura da sallarta ko raka'o'i sun fara rikice mata, da lissafin kuɗin cefane ko adashi, da miyar da ta saba yi ido rufe ko yanzu tana zuba gishiri sau biyu, ko kalma ta riƙa ɓace mata sai dai ta ce miƙo min abin nan, ko ta janye jiki daga Islamiyya da biki. Kuma kar ya ruɗe ku dan tana ba da labarin aurenta da sunayen ƙawayenta tsaf, haka ciwon yake, sabon abu yake fara cinyewa, tsohon labari sai can gaba.

Toh yanzu maganar sammu, nan ne wallahi raina yake ɓaci, dan kusan kullum sai na ci karo da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da ciwon nan a duniya, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne, wanda wani likita Bajamushe ya fara bayaninsa tun 1906 bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mara lafiyarsa da ta rasu ya ga yadda ta lalace. Duk waɗannan kishiya ce ta jefe su? Abu ne da ake ganinsa a hoton ƙwaƙwalwa, tana motsewa, ko kuma ƙananan jijiyoyin jini sun toshe saboda hawan jini da suga da aka yi shekaru ba a kula da su ba, wannan na biyun kam muna ganinsa da yawa a nan. Tashin magariba da ake cewa ai lokacin fitar aljanu ne, sanannen abu ne a ciwon, ƙwaƙwalwa ta gaji da wunin, haske ya ragu, inuwa ta fara mata kama da mutum. Zargin satar ma haka, ita ta ɓoye kuɗin da hannunta ta manta, ta duba babu, to me za ta ce in ba an ɗauka ba? Kuma wanda ya fi kusa da ita shi take kamawa. Na ga auren da ya mutu a kan wannan, na ga tsohuwar da unguwa ta sa wa sunan mayya dan an tsince ta tana yawo da dare ba ɗankwali. Akwai wata baiwar Allah da aka kawo min da shatin igiya a wuyan hannunta, wata takwas ana yawo da ita gidan masu magani, an saida fili, an kuma hana ta shan maganin hawan jini wai ba ya haɗuwa da na gargajiya, ba a kawo ta ba sai da ɓarin jikinta ya shanye. Shi mai hayaƙin ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Ni ban hana addu'a ba, ku yi mata ruƙiyya ku yi mata tofi, amma Alƙur'ani da kansa a Suratun Nahli aya ta 70 ya ambaci wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma Manzon Allah (SAW) yana neman tsari daga wannan. Ku daina turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki, kuma kar wanda ya je kemis ya siyo mata maganin barci ko firiton dan ta yi shiru, ƙara ruɗa ta za su yi, ta tashi da jiri ta faɗi ta karya ƙugu.

Dalilin da ya sa nake matsa miki ku je da wuri, akwai abubuwan da ke kwaikwayon ciwon nan kuma suna warkewa, kamar ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, ko wani magani da take sha. In kuma ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan na gaggawa ne, a ranar za a kai ta. In ya tabbata dimenshiya ce, gaskiya ba a warkewa, amma akwai magunguna irin su donepezil da ke sauƙaƙa alamomin na wani lokaci, kuma saita hawan jini da suga yana rage saurin lalacewar.

Ku kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ko asibitin Barau Dikko, kar ku ji kunyar wai za a ce asibitin mahaukata, ba hauka take ba. Kafin nan ki sa takarda mai lambar wayarki a jakarta, a daina barinta ita kaɗai da gas, in ta ce an mata sata kar a yi musu da ita, a ce zo mu duba tare Mama. Ranar zuwa ki kwaso duk magungunanta a leda har da na gargajiyar, ku taho da wanda ya fi kowa wuni da ita dan shi za mu yi wa tambayoyi, ina kyautata zaton ma matar yayan naki ce.