Mota da Direba: Mai Yana Tsatsafowa Daga Saman Inji

Tambaya: Malam, ina da Toyota Corolla da nake haya da ita tsakanin Agege da Oshodi. Baƙin mai yana jiƙa saman injin, kuma idan na daɗe a cunkoso sai in ji ƙauri. Mene ne maganinsa? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Malam, alamun da ka bayyana sun fi kama da lalacewar gaskit ɗin murfin saman inji. Roba ce wadda zafi ke busar da ita har ta tsage, sai mai ya riƙa ɗiga a kan bututun hayaƙi mai zafi, ƙaurin da kake ji ke nan. Idan ya gangara ramin fulogi kuwa, injin zai fara rawa.

Ka sayi sabuwa mai kyau a kasuwar Ladipo, ka bari injin ya huce, sannan bakanike ya kankare ragowar tsohuwar ya goge wurin tas. Ina roƙonka kada ka yarda ya cika wurin da gam, domin ɗan kaɗan ake sawa a kusurwoyi kawai. A ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe a hankali, saboda matsewa da ƙarfi tana lanƙwasa murfin.